Haya ta yi tsada a Bukoki, in kwashe iyali mu koma bayan Sorey?

Assalamu alaikum Inna. Ni mutumin Tawa ne amma na daɗe a Yamai, ina aikin magaziniye wurin wani ɗan kasuwa kusa da Katako. Muna haya a Bukoki, shambur-salon cikin gidan mutane da yawa, ni da madam da yara 3, babbar shekararta 12. Jika 35 nike biya, yanzu mai gida ya ce nan da wata 3 jika 50 ne, wanda bai iya ya tashi. Albashina jika 120. Wani abokin aikina ya haɗa ni da kawunshi mai gida bayan Sorey ta wajen Libore, ɗaki 2 da salon, ga fili babba, mu kaɗai ba kowa, jika 20. Na auna da moto, kilomita 20 ne daga ƙofar gidan zuwa wurin aikina. Ba a ja wuta ba tukuna, ruwa kuma sai an sayo wurin foraj na maƙwabta. Ni dai hankalina ya kwanta da gidan, don ina so in ɗauko tsohuwata daga Tawa, hawan jini na damunta, kuma wallahi na gaji da layin makewayi da safe da rigimar faktir ɗin ruwa kowane wata. Amma madam ta ce ita ba ta zuwa daji. Tana saida ƙanƙara da zoɓo da yawur, tana samun kamar jika 20 a wata, ta ce can wa za ta saida ma, kuma da wace firiji. Yanzu kwana da kwanaki ba mu magana sai dole. Mai gidan can ya ce in kawo abans na wata 3 kafin ƙarshen watan ga, in ba haka ba ya ba wani. Inna mi ya kamata in yi?

Wani ɗanki daga Bukoki

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri da kake tunanin kawo ta kusa da kai, ba kowane ɗa ke da wannan tunanin ba a zamanin ga da kowa ke ta kanshi. Na karanta wasiƙarka kuma na gane gajiyarka sarai. Magidanci mai mata da yara 3 ya tsaya da buta a hannu yana jiran yaron maƙwabci ya fito daga makewayi, ga lokacin aiki na tafiya, wannan abin yana ci wa mutum rai a hankali ko bai faɗa ba. Ga ɗiyarka ta kai shekara 12 tana kwana salon da ƙannenta, kai ma ka san lokacin raba musu makwanci ya yi har ya wuce. To son da kake yi wa gidan can ba son banza ba ne, kuma kar kowa ya sa ka ji kamar ka yi laifi don ka so fili da sirri.

Amma tunda ka tambaye ni ba zan yi maka kwana-kwana ba: kar ka kai abans ɗin nan ƙarshen watan ga. Ban ce ka rufe maganar har abada ba, na ce dai yanzu, yadda ka zayyana mani abubuwan nan, gidan jika 20 ɗin zai ci maka fiye da jika 50 a wata, sai dai ba mai gida za ka riƙa miƙa ma kuɗin ba, a kan hanya za su riƙa zubewa da kaɗan-kaɗan yadda ba za ka ankara ba sai wajen 20 ga wata in aljihu ya bushe.

Zo mu yi lissafin tare, ka ɗauko alƙalami da takarda. Tsakanin jika 50 da jika 20 akwai jika 30, shi ne abin da idonka ke gani, kuma ga mai albashin jika 120 wannan kashi ɗaya cikin huɗu ne, dole ya ja hankali. To kilomita 20 zuwa, 20 dawowa, 40 kenan a rana, kuma aikin kasuwa ba ya san asabar, mu ce kwana 26 a wata, ka ga ka haura kilomita 1000. Moto irin namu cikin tsaye-tsayen gari, a ƙiyasina lita ɗaya ba za ta wuce maka kilomita 35 da yawa ba, wato wajen lita 30 a wata. Tun watan 7 na 2024 da anka rage isans daga sefa 540 zuwa 499, ka ce dala 100 ce lita, to jika 15 kenan. Yanzu nawa kake sha? Bukoki da Katako ai maƙwabta ne, ranar da moto ya ƙi tashi da ƙafa ma kana isa kafin a buɗe shaguna, na san bai fi ka sha jika 3 ko 4 ba. Ƙarin jika 11 kenan ya fita. Moton da ke cin kilomita 1000 kowane wata kuma yana son bidanj kowane wata, ga taya, ga sarƙa, ga faci, ga birki, ka ware ma wannan jika 4 ko 5 ba ka yi yawa ba. Sai abincin rana, wanda maza kan manta da shi in suna lissafi saboda sun saba su leƙo gida su tarar an zuba musu. Daga Libore ba ka leƙowa. In dala 100 ka kashe a rana wurin mai shinkafa ko mai dambu da kopto, jika 13 ce a wata. Za ka ce mani sai madam ta riƙa zuba maka a kula, eh ana yi, amma wannan na nufin ta tashi tun kafin asuba ta hura wuta, kuma abincin da anka dafa ƙarfe 5 na safe ya wuni cikin zafin magaza a watan 4, ka san yadda yake komawa. Ruwa kuma: ku 5, da Hajiya ku 6, wanka, wanki, girki, alwala, ko kun matse ba ku kasa bido 8 a rana ba, in ma dala 5 ce bido a bakin foraj to dala 40 kenan, jika 6 a wata, in kuma mai garuwa ne zai turo har gida sai abin da ya ce. Haɗa duka ka gani, 11 da 4 da 13 da 6, jika 34. Cire abin da kake biya yanzu na kasonka na ruwa da na wutar NIGELEC tunda can ba faktir, ka ga dai jika 30 ɗin ta tafi ko saura ƙiris. Araha ba ta ado, haka iyayenmu ke cewa.

Kuma duk wannan ban taɓo jika 20 ɗin madam ba. Ɗana, a wasiƙarka ka ambaci kuɗin nan kamar wani abu ne nata can gefe, ni kuma ina so ka zauna ka tuna ina suke shiga. Sabulu in ya ƙare tsakiyar wata wa ke saye? Kuɗin rekreyasiyon na yara da safe, maggi da tattasai ranar da cefane bai kai ba, takalmin ƙaramin da ya tsinke, gudummawar biki da suna da ake kai wa da sunan gidanku, zubin adashe. Ranar da firijin nan ta daina aiki duk waɗannan aljihunka za su dawo. Sana'ar ƙanƙara da yawur wuta take so da kuma jama'a, yaran lakwal masu wucewa, masu tura kura, mata maƙwabta, ƴan kasuwar da sunka san gidanku. Ko a nan cikin gari ka ga yadda take shan wahala lokacin zafi in anka yi ta yanke wuta, balle inda ko poto ba a kafa ba. Pano ɗin hasken rana da zai kunna kwan fitila biyu ya caja waya daban, wanda zai riƙe firiza ta daskarar da ƙanƙara dare da rana daban, wannan da batir ɗinshi da komai kuɗin hayar watanni ne masu yawa, kuma a gidan da ba naka ba. Saboda haka in ta ce wa za ta saida ma, ba gardama take yi ba, ita ma lissafi ta yi, nata ma ya fi naka kusa da tukunya.

Yanzu bar maganar kuɗi, mu zo ga jikinka da lokacinka, don ni wannan ya fi damuna. Kai magaziniye ne, makulli a hannunka yake, kai ke fara zuwa kai ke ƙarshen tashi, in kamyo ya iso da la'asar sakaliya ba ka tafiya sai an sauke an ƙirga. Yau in ka rufe bayan magariba, kafin a kira isha'i kana gida. Daga Katako zuwa bayan Sorey sai ka ratsa tsakiyar gari kaf, ka bi cunkoson rompuwan Sizyam, ka miƙe hanyar Ayaropor, ka wuce shingen fita gari, sannan ka hau hanyar Doso cikin duhu kana gogayya da manyan motoci da sitan-sitan na mai da bus-bus ɗin da ke fitowa daga Maraɗi da Damagaram da Tawa, duk ta nan suke shigowa, fitilarsu a idonka, kai kuma a gajiye tun safe. Sau ɗaya ko biyu ba komai, kai ma ka je ka auna ka dawo lafiya. Amma kullum, da sanyin hunturu da ƙura, da zafin watan 4 da na 5 da ke haura digiri 40, da azumi a bakinka, shekara ta zagayo ta sake zagayowa, jiki yana gaya wa mutum. Mutum 4 ke ci daga hannunka, gobe 5. In ka faɗi a hanyar nan Allah ya kiyaye, ba albashin kwana nawa za ka rasa ba kawai. Kuma yaranka za su riƙa ganinka ne ranar lahadi, ka fita suna barci ka dawo suna barci.

Akwai abubuwa uku da sunka faru a ƙasar ga kwanan baya da nike so ka sa a ma'auni. A watan 8 na 2024 ruwa ya cinye hanyar Doso daidai Sorey, Yamai ta kwana da kwanaki kusan a yanke da sauran ƙasa, motoci sunka yi layi ta kowane gefe, mutane na tsallakawa da kwalekwale. Gidan da kake magana yana ƙetaren wurin ne, aikinka da likita da kasuwa suna wannan gefen. An gyara, kuma ba kowace damina ke zuwa da irin wancan ruwan ba, amma gurbin ruwa ba ya tashi daga inda yake. Na biyu, ƙarancin isans da anka yi a watan 3 na 2025, ka tuna layin da anka sha a gidajen mai, lokacin wanda ke Bukoki ya ajiye moto ya taka, wanda ke kilomita 20 fa? Na uku, da ka wuce iyakar Yamai ka shiga jihar Tillaberi ne, Libore cikin gundumar Kollo take, kuma ka san a sassa da dama na jihar an sha kafa dokar hana yawo da moto saboda matsalar tsaro. Kafin ka ɗora duk rayuwarka a kan moto, ka je wurin mai gari ko mari ta wurin ka ji da kunnenka yadda doka take a can, musamman da dare. Ka kuma tambayi mutanen unguwar ƙarfe nawa faba-faba ta ƙarshe ke wucewa, kuma daga gudiron zuwa ƙofar gidan tafiyar minti nawa ce, don taksi mai jan kai in ka ce mashi bayan Sorey da dare, ko ya ƙi ko ya yanka maka kuɗin kurs mai zafi.

Sai maganar Hajiya, wadda ita ce babbar hujjarka, kuma a ganina ita ce ta fi ƙarfi wurin cewa kar ka yi nisa. Mai hawan jini tana son a riƙa auna ta a kai a kai, tana son maganinta kar ya yanke, kuma in abin ya motsa, ciwon kai mai tsanani, jiri, baki ya karkace, hannu ko ƙafa ya yi nauyi, magana ta sarƙe, to a nan mintoci ake ƙirgawa, ba a jiran gari ya waye. Daga Bukoki ko ƙarfe 2 na dare ne ka buga ƙofar maƙwabci mai mota ko ka tari taksi, babbar likita ta ƙasa ba nisa, ga likitar Referans ta Cangare, ga famasi mai gadi. Can kuma tsohuwa marar lafiya ba a ɗora ta bayan moto a yi kilomita 20. In da rana abin ya faru kana Katako, madam ce kaɗai da yara. Sannan ka tambayi ita Hajiyar kuwa? Tsofaffinmu da yawa in an raba su da ƙawayensu da masallacin unguwa da ƴan uwan da ke leƙo su, anka kai su gida mai faɗi amma shiru, kewa ke kwantar da su fiye da ciwon. A cikin gari ko ba komai akwai mutanen Adar ko'ina, za ta samu wanda za su gaisa da harshen gida. Ka buga mata waya ka ji ra'ayinta, wataƙila ma abin da take so shi ne ta riƙa zuwa ganin likita ta yi wata ɗaya ko biyu ta koma ɗakinta a Tawa, ka ga wannan ya canza girman gidan da kake nema.

Game da madam, ina roƙonka kai ka fara sauko da murya. Na san ranka ya sosu, kana ganin kai kana fafutukar rufa wa gida asiri ita kuma ta tsaya kan ƙanƙara. Amma ka duba yinin da kake shirya mata: ka fita bayan asuba ka dawo bayan isha'i, ita ke nan da jan ruwa, da kai yara lakwal, da jinyar uwar miji, ba wuta, ba fanka, ba kuɗin kanta, ba maƙwabciyar da za ta ce riƙe mani yaron ga in je in dawo. Jinyar Hajiya a hannunta za ta faɗa, kai kana wurin aiki, kuma macen da anka kai wuri ba da son ranta ba sannan anka ɗora mata jinya, ko tana da kirki iya kirki zuciyarta za ta yi nauyi, ƙarshenta tsakaninta da Hajiya ya ɓaci, kai kuma ka rasa bayan wa za ka bi. Ita ma ina da magana da ita in tana karantawa: ɗiyata, mijinki ba mugunta ta sa shi wannan tunanin ba, jika 50 cikin 120 abu ne mai tada hankalin kowane magidanci, kuma gaba da shiru ba su rage haya ko dala. Ki faɗa mashi abin da za ki iya da wanda ba za ki iya ba, ki kuma taya shi neman mafita, ku mata kun fi jin labarin ɗakin da za a tashi a unguwa tun kafin dillali ya ji.

Yaran ma a sa su a lissafi, a san lakwal ɗin da ke kusa da duk inda za ku koma, ko akwai CEG, wato lakwal ta gaba da firamare, da babbar za ta shiga ba sai ta yi doguwar tafiya ita kaɗai ba, da makarantar allo ko islamiyya. Kuma duk tashin da za a yi a bari sai an yi bakans, kar a cire su tsakiyar shekara.

To mi za ka yi? Fara da mai gidanku na yanzu. Ƙarin jika 15 a tashi ɗaya ya yi yawa, amma shi ma wataƙila yana da nashi nauyin, siminti da fenti da kwasar masai duk kuɗi ne, ko kuma dillalai sun hure mashi kunne cewa ɗakin zai kawo fiye da haka. Kar ka je mashi da faɗa, kar kuma ka je kai kaɗai. Ka samu dattijon da yake jin kunya, liman ko mai unguwa ko wani tsohon ɗan haya, ku je bayan la'asar, ka tuna mashi shekarun da kunka yi ba ka taɓa riƙe mashi kuɗi ba in haka ne, ka ce ka yarda da ƙari amma a yi shi hawa-hawa, jika 40 ko 42 bana, sauran baɗi. Jika 60 ɗin da ka tanada don abans ɗin can, ka iya ce mashi ga wani abu a hannu tun yanzu, masu gida na son kuɗin dunƙule. Mai gida mai hankali ya san ɗan haya mai biya a kan lokaci ya fi baƙon da zai yi wata 2 ya fara ɓuya. In sauran ƴan hayar ma an yi musu ƙarin, ku haɗa baki ku je tare cikin ladabi. Abin da kunka tsaya a kai a rubuta a takarda, kowa ya sa hannu, da shaidu.

Ko ya rage ko bai rage ba, shambur-salon ta yi muku kaɗan, wannan gaskiyarka ce. Sai dai tsakanin Bukoki da Libore akwai gari da yawa da ka tsallake. Akwai Banifandu, akwai Kwara Tagi, akwai Yamai 2000, Talaje, unguwar Ayaropor, Saga, can wajen Lazare da bayanta, wuraren da akwai wuta da pampo da faba-faba da yara masu sayen ƙanƙara, kuma haya ba ta kai ta tsakiyar gari ba in ka shiga ciki ka bar bakin gudiron. Abin da za ka nema shi ne ɗaki 2 da salon a gidan da bai wuce ƴan haya 2 ko 3 ba, da konter ɗinku na wuta daban in zai yiwu, a kuɗin da bai wuce abin da mai gidanku ke nema yanzu ba. Ko jika 45 ka samu ka ci riba, don ka ƙara ɗaki, madam na sana'arta, kai kuma tafiyarka ba ta kai ta Libore nisa ba. Harobanda ma, can ƙetaren kogi, akwai sauƙin haya, kuma tunda anka buɗe gada ta biyu a 2011 da ta uku a 2021 gadar Kenedi ta ɗan samu sauƙi, amma can sai ka buɗe ido sosai, ka tuna 2020 da kogi ya fasa dig ɗin da ke tare ruwa ya shiga Lamorde da Karaje da Kirkisoy, Saga ma ta wannan gefen ta sha ruwa. Duk gidan da za ka duba, ka dubi gindin bango ko akwai zanen da ruwa ya bari, ka dubi ko tsakar gidan ta fi titi zurfi, ka tambayi mai shagon kusa, ba dillali ba, yadda layin ke zama in an yi ruwan sama. Kuma kar ka ba dillali ko dala sai ka ga mai gidan ido da ido. Sa'arka ɗaya, wata 3 ɗin da anka ba ka za su kai ka cikin damina, lokacin da gida ba ya iya ɓoye aibinshi.

Ban ce bayan gari ba wurin zama ba ne, a'a. Unguwannin da muke kira cikin gari yau, da yawansu gonakin hatsi ne shekarun baya, waɗanda sunka daure sunka zauna tun ba wuta ba ruwa yau su ne masu gida. Amma ka lura, sun sha wahalar ne a kan filinsu. In za ka sha ƙurar kilomita 40 kullum, to ya zama kana shan ta ne don bangon da kake ɗorawa naka ne da na yaranka. Ka sha ta kuma kana biyan wani haya, ranar da wuta da pampo sunka iso unguwar shi ma ya ce jika 20 ta zama 40, wannan ni ban ga ribarshi ba. Saboda haka in zuciyarka na son wajen can, ka mai da shi dogon shiri: ku shiga adashe kai da madam, ko ka buɗe asusu ka riƙa jefa jika 10 duk wata ba fashi, ku nemi parsel ko ƙarama ce. In lokacin saye ya zo ka yi taka-tsantsan, rigimar fili a kewayen Yamai ba baƙon abu ba ce, fili ɗaya a saida ma mutum biyu ko uku, ko a saida maka cikin gurbin ruwa, ko cikin dajin dogon yaron nan da gwamnati ta fara dasawa tun 1965 don ya kewaye gari, wanda har yau ake ta ja-in-ja a kanshi. Ka ga akt da sesiyon na asali, wato takardar mallakar filin, da idonka, ka kai lambar ilo da ta parsel mari a duba maka sunan wa ke cikin rajista, in takardar gargajiya ce ta gona ka tabbata magada duka sun yarda kuma mai gari ya shaida, kuɗi kuma a biya gaban noter ko aƙalla gaban shaidu da takarda.

In kuma duk da abin da na faɗa har yanzu ranka na kan gidan kawun abokin naka, to gani ya kori ji. Ka roƙe shi ya ba ka makulli na sati ɗaya ko biyu cikin watan 8, ko da za ka biya shi kuɗin wata guda ne, ka ɗauki tabarma da gidan sauro ka riƙa kwana can kana zuwa aiki daga can, kana rubuta duk dalar da ta fita da lokacin da ka bar gida da lokacin da ka iso. Ranar lahadi ka kawo madam da yara su wuni, ta ga foraj ɗin da idonta, ta gaisa da matan maƙwabta, ta tambaye su inda suke awo da haihuwa da inda suke cefane, ta duba ko akwai wata sana'ar da wurin ke so wadda ba ta buƙatar firiji, don mai fili babba na iya kiwon kaji ko tumaki, ko ta kafa teburin kayan miya. In bayan wannan ku biyun kunka ce za ku iya, to ku tafi da albarka, ni ma sai in taya ku addu'a. In mai gidan ya ce ba ya iya jira, ka yi mashi godiya, ka kuma yi wa abokin aikinka bayani da kyau don kar zumuncinku ya taɓu. Gidan da ba wuta ba pampo a kilomita 20 ba a rububinshi yadda ake nuna maka, in wannan ya tafi akwai irinshi.

Daren yau bayan yara sun kwanta ka kira madam, ka ajiye takardar lissafin nan tsakaninku, ka ce mata ta gyara inda ka yi kuskure ta ƙara abin da ka manta, za ka sha mamakin abin da ta sani na kuɗin gidanku. Ku yi istihara ku biyu. Gobe ka buga wa Hajiya waya, jibi ka nemi dattijon da zai raka ka wurin mai gida, lahadi kuma ku hau moto ku fara da Banifandu da Yamai 2000. Ka sake rubuto mani ka faɗa mani nawa kunka tsaya da mai gidan da kuma abin da kunka gani a unguwannin. A gaida madam da yara, a yi wa Hajiya sannu.